TSAKANIN YAYE DA ALLO: AMANAR ƘANANAN YARA A CIKIN GIDA

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara na 'yan'uwa, Dogon Daji

  

Babu kalmar da ta fi yawo a bakin ma'abota ɗariƙa kamar kalmar tarbiyya. Muridi yana neman shehin da zai yi masa tarbiyya, shehi kuma ana kiransa murabbi. Sai dai malaman lugga sun san cewa aro aka yi, kuma daga ɗakin uwa aka aro ta, domin asalin ma'anarta shi ne reno, wato ciyar da ƙaramin abu kaɗan-kaɗan har ya kai ga cikarsa. Tun da haka ne, ya kamata a waiwayi inda aka yi aron. Wannan jawabi zai tsaya ne a kan gida guda irin wanda ya cika Dogon Daji da maƙwabtanta: gidan da ke da yara biyu ƙanana, ɗaya an yaye shi ko ana gab da yaye shi, ɗaya kuma yayansa ne mai shekara uku zuwa biyar, wanda bai zauna gaban malam sosai ba tukuna. Jariri yana da goyo da nono. Ɗan shekara bakwai yana da allo da malami, uba ma ya fara sa masa ido saboda salla. Waɗannan biyun da ke tsakani su ne ba a san takamaiman mai su ba, alhali a shekarunsu ne jiki yake kafuwa, harshe yake buɗewa, hali kuma yake yin saiwa.

YININ UWA

Da asuba maigida yakan fita masallaci, ya zauna wuridinsa har gari ya waye, kuma wannan alheri ne. A daidai wannan lokaci uwa ta idar da tata sallar da ƙaramin rataye a wuyanta, ta shanya shimfiɗar da ya jiƙa, ta hura wuta, ta dama koko. Daga nan sai surfe da daka, sai wanki, sai girkin rana, a tsakani kuma ga 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko fura ko ɗinkin hula, wadda da ita ake sayen sabulu da gishiri a gidaje da yawa. Ƙaramin bai daɗe da koyon tafiya ba, kuma duk abin da hannunsa ya kai, bakinsa zai kai. Murhu yake nufa, da bakin rijiya, da bokitin ruwan wanki, da kwalbar lemo da aka zuba wa kalanzir ko maganin feshin gona aka ajiye a gindin bango. Babban kuwa bakinsa ba ya hutawa: "Inna, mene ne wannan? Inna, don me?" Idan damina ce, uba yana gona har la'asar. Idan rani ne, ko yana fadama wajen albasa, ko ya tafi cin rani Ikko ko Ibadan, sai bayan watanni.

Mutum zai iya rayuwa shekara ashirin a gida ɗaya da wannan aiki bai taɓa ganinsa ba, domin yana fita kafin a fara, yana dawowa bayan an share tsakar gida.

YAYE

Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma kowa ya haddace wannan. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a cikin wannan aya ɗin aka ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa, kuma a cikinta aka sharɗanta yarda da shawara tsakanin uwa da uba idan za a yaye yaro kafin lokaci. Ashe yaye ba sha'anin mata kaɗai ba ne, kamar yadda maza da yawa suka ɗauka.

A al'ada, yaye na dare ɗaya ne. A shafa wa nono abu mai ɗaci, ko a ɗauki yaro a kai shi gidan kakarsa, ya yi kukansa kwana uku ko bakwai har ya haƙura. Kaka tana da haƙuri da dabara, kuma ba a raina hikimar magabata a cikin wannan. Amma a duba abin da yaro ya rasa a rana ɗaya: abincinsa, da wurin kwanansa, da bayan da yake hawa. Lamarin ya fi tsanani idan kwanika ce ta jawo yayen, wato uwa ta sami ciki tana goyo. Nan take sai a cire yaro, ko da watansa goma sha biyu ne, saboda an yi imani nonon mai ciki guba ne. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sa'an nan ya fasa, saboda ya lura Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba. Likitoci ma sun tabbatar mai ciki mai lafiya za ta iya ci gaba da shayarwa, muddin tana samun abinci isasshe. Abin da ke kayar da yaron ba nonon ba ne, rashinsa ne farat ɗaya ba tare da madadi ba. Duk da haka, masana a Hukumar Lafiya ta Duniya sun ba da shawara a shekarar 2005 cewa a bari wata 24 su wuce bayan haihuwa kafin wani cikin, wanda ya yi daidai da wa'adin shayarwa.

Akwai wata likitar yara mai suna Cicely Williams da ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana a zamanin Turawa. A shekarar 1933 ta bayyana wata cuta ta yara masu kumburin ƙafa da fuska, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, a 1935 kuma ta sanar da duniya sunan da mutanen Ga suke kiranta da shi, wato kwashiyoko. Ma'anar sunan ita ce abin lura: ciwon da babba yake kamuwa da shi idan aka yi masa ƙane. Iyayen Gana sun gano dalilin cutar tun kafin likita ta zo. A ƙasar Hausa ana kiran ramar yunwa da kumburinta tamowa, kuma sau da yawa ana jingina ta ga iska ko maita ko baki, a yi ta turare da rubutun sha. Addu'a ba ta da madadi, amma yaron nan yunwa yake ji.

Yadda abin ke faruwa a bayyane yake. Cikin ɗan shekara biyu ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa a zama ɗaya. Idan aka cika shi da tsinkakken koko, ya ƙoshi da ruwa. Idan aka zaunar da shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun side kwanon. Abin da masana suka ce shi ne a ba shi abinci sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai, babba yana zaune kusa yana lallashinsa. Kuma abin da zai gina masa jiki ba daga kanti yake ba, yana cikin rumbu da bayan gida: kunu mai kauri da aka dama da gyaɗa ko garin waken suya, wake da aka dafa ya yi lugub, zogale, nono, garin busasshen kifi, ɗan manja ko man gyaɗa, da ƙwai. Shi ƙwai akwai masu hana yaro shi wai kada ya tashi ɓarawo, maganar da ba ta da tushe a shari'a ko a hankali. Abin takaici ne a ga ƙwan zabi da damina ana kai shi bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega ana sayar wa matafiya, yaron gidan bai ɗanɗana ko ɗaya ba. Haka nan tsokar da ke cikin miya, kowa ya san kwanon wa take faɗawa.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba, kuma fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewar ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya da idonsa, ya leƙa Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta shiga tallafa masa a 2014. Noma cuta ce da ke farawa da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe, kuma ta fi kama yara masu shekara biyu zuwa shida, musamman waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Idan aka kai yaro da wuri, lokacin da dasashi ya fara jini baki yana wari, maganin ƙwayoyin cuta da abinci da wanke baki suna tsayar da ita. Uwar da ke buɗe bakin ɗanta tana dubawa, tana goge masa haƙora da asuwaki mai laushi, ta yi rabin aikin likita.

WANDA AKA SAUKE DAGA BAYA

Sai yayan. Jiya shi ne sarkin ɗaki, yau an ce masa, "Kai ne babba, bar wa ƙanenka." Shekararsa huɗu. Idan mace ce ma, an riga an ɗaura mata goyo, ana aikenta, idan ƙaramin ya faɗi ita za a buga. Ba laifi ba ne yaro ya koyi kula da ɗan'uwansa, hasali ma daga nan zumunci yake farawa. Laifin shi ne a bar wa 'yar shekara huɗu tsaron rai kusa da wuta da rijiya, sa'an nan a hukunta ta a kan abin da hankalinta bai kai ba.

Yaron da aka yi wa ƙane yakan koma baya: ya dawo fitsarin kwance bayan ya daina, ya riƙa maganar jarirai, ya mintsini ƙaramin idan ba a kallo. Wannan kishi ne, kuma kishin 'yan'uwa tsohon abu ne, Suratu Yusuf ta isa shaida. Bulala ba ta kashe shi, ƙara masa wuta take yi. Abin da ke kwantar da shi ɗan lokaci ne da yaro zai san nasa ne shi kaɗai, ko da na cin tuwon dare ne a gefen babansa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (R.A.), wanda mahaifinsa ya keɓe shi da kyauta Annabi (S.A.W.) ya ƙi zama shaida, ana karanta shi a babin dukiya, amma yaro ƙarami ba gona yake ƙirgawa ba. Yana ƙirga wanda aka ɗauka, da wanda aka yi wa dariya, da wanda aka fara miƙa wa tsaraba.

A wannan shekarun yaro ba ya koyo da wa'azi, da ido yake koyo. Ya ga uwarsa ta yi sujada sai ya kifa kansa kusa da ita. Ya ga babansa yana jan carbi sai ya nemi nasa. Haka kuma idan ya ji ashar zai maimaita ta da lafazi mai kyau, a gaban baƙi. Gidan da ake kiran yaro da "ɗan banza" da "shege" tun safe, bai kamata a yi mamakin abin da zai kira ƙanensa ba. Akwai kuma ƙaryar da ba a ɗauke ta ƙarya ba: "Yi shiru, Baba zai sayo maka alewa," alhali babu alewa, "Ga dodo nan," "Ga mai allura nan zai soke ka." Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da alkawarin za ta ba shi wani abu, sai Annabi (S.A.W.) ya tambaye ta abin da ta yi niyyar ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Shi kuwa tsoratarwa da mai allura, ribarsa ita ce ranar da ma'aikatan rigakafi suka shigo, yaro ya shige ƙarƙashin gado.

Game da tambayoyinsa, amsa su sadaka ce, kuma da su harshensa yake girma. A da kaka ce ke ɗauke wannan nauyi: ta kira jikanta namiji mijinta, ta kira macen kishiyarta, ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su. Yanzu a gidaje da yawa waya ce ta gaji kaka. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi kallon allon waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Wasan ƙasa da motar kara da 'yar tsana sun fi masa amfani, kuma Imamu Gazali, a babin da ya keɓe wa horon yara a cikin Ihya'u, ya yi gargaɗi a kan hana yaro wasa da matsa masa da karatu ba hutu.

RABON UBA

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Sun ruwaito yana taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Sun ruwaito yadda ya tsawatar wa Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbantar ɗayansu ba. Ma'abota ɗariƙa mutane ne masu da'awar soyayya da koyi, kuma wannan ma sunna ce, ko da yake ba a cika yi mata waƙa ba. Alkunya ado ce, kunyar ɗan fari ma al'ada ce mai kyau matuƙar ta tsaya ga sakaya suna. Idan ta kai uba ya ji nauyin ɗaukar ɗansa mai zazzaɓi a gaban mutane, ta wuce gona da iri.

Wannan ƙasa tana da nata abin koyi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817), wanda ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna Tambuwal, ya soki malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi saboda suna karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, kuma hikimar tsarin ta shafi wannan jawabi kai tsaye. Ta san mace mai ƙananan yara ba za ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki neman ilimi ba. Saboda haka dattijai mata, ƙarƙashin jagorancin jaji mai malfa, su da 'yan mata ƙanana, su ne suke zuwa wurinta, su koma ƙauyukansu su isar wa masu goyo karatu har cikin ɗaki. Ba ta ce mai goyo ta jira sai ta gama haihuwa ba. Kowace zawiyya a yau tana da dattijai mata da za su iya wannan aiki, su haɗa karatun tsarki da salla da bayanin kunun yaye.

Shari'a ma ta san darajar waɗannan shekaru. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, idan aure ya mutu uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, idan kuma uwar ta yi wani aure riƙon ya koma ga kakar wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, ciyarwa tana kan uba. Al'adar karɓe yaro ranar da aka yaye shi a miƙa wa kishiyar uwa ba daga littafi ta fito ba. Haka tura ɗan shekara biyar almajiranci wani gari, alhali ga makarantar allo a ƙofar gida.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar matafiya, ko cin rani ne, ko fatauci, ko ziyara da taruka irin wannan. Ciwon ƙaramin yaro ba ya jira. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kai shi ga jijjiga a cikin yini ɗaya, gudawa kuma tana tsotse ruwan jikinsa kafin gari ya waye. Da damina ma'aikata suna bin gida-gida wata-wata suna ba yara masu wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da ke biye kuwa a hannun uwa ake barinsa, kuma idan ba a ƙarasa ba kariyar ba ta cika. Allurar ƙyanda tana wata 9, ta biyu tana wata 15. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020, bayan doguwar gwagwarmaya da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sauran sarakuna suka tsaya a kai, amma ɗigon bai ƙare ba, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Duk waɗannan suna buƙatar abu biyu daga maigida, kuɗi da izini. Sau da yawa uwa tana ganin ɗanta yana shiɗewa, asibiti yana nan kusa, amma tana jiran a sami maigida a waya, ko a nemo ƙanensa a kasuwa, domin ba a ce ta fita ba. Mace ta gari ba ta son saɓa wa mijinta, saboda haka shi ya kamata ya sauƙaƙa mata tun kafin ya sa ƙafa a mota. Ya kira ta a gaban mahaifiyarsa ko wani babba na gidan, ya ce: "Idan jikin ɗayan yaran nan ya yi zafi, ko ya kama gudawa, ko ya ƙi cin abinci, na yarda ki kai shi asibiti, dare ko rana, ba sai an neme ni ba." Ya ajiye kuɗin mota da na magani daban da na cefane, ya faɗi sunan wanda zai raka ta, ya nuna mata inda katin rigakafin kowane yaro yake, ya duba gidan sauro ko ya yage.